Mutumin da Ke Ƙarƙashin Gajimare

An haifi Anselme Courtial a garin Montserin a shekarar 1949, a gida na shida a layin bayan kasuwa. Ya gama firamare, ya yi shekara huɗu yana koyon kafinta, ya tafi aikin sojan dole ya dawo bai harbi kowa ba. Ranar ɗaya ga Satumba, 1973, majalisar gari ta damƙa masa makullan gidan wasan kwaikwayo. Makulli goma sha ɗaya ne a zobe guda, kuma har ya ajiye aiki ba a taɓa neman ɗaya an rasa ba.

Gidan wasan ba babba ba ne. Kujera ɗari biyu da goma sha huɗu ce a ciki, an kuma gina shi tun ƙasar tana da sarki. A takarda, aikin Anselme gadi ne. A zahiri shi ne mai shara, shi ne mai fitilu, shi ke jan labule, shi ke ɗaure ƙafar kujera in ta kwance, kuma shi ke dukan ƙasa da sanda sau uku don a yi shiru a fara wasa. Can sama da dandamali, inda 'yan kallo ba sa gani, akwai wani tsohon injin katako. Ganga ce babba da ake naɗe igiya a jikinta, tana sauko da wani akwati da aka yi wa fenti da siffar gajimare. A da, a cikinsa ake sauko da mala'iku su raba gardama a ƙarshen wasa. Anselme yana shafa wa injin nan kitse ranar Litinin ta farkon kowane wata, ko za a yi amfani da shi ko ba za a yi ba. Yawanci ba a yi.

Da abu biyu aka san shi a Montserin.

Na farko, ba ya ƙarya. Matarsa Odette takan ce ba halin kirki ba ne, rashin basira ne, mutumin ko labarin mafarki bai iya ƙara wa gishiri ba. Ko ma mene ne dalili, in gardama ta tashi a shagon kofin Josiane a kan shekarar da kogi ya shiga coci, ko a kan wanda ya fara sayen mota a layin tasha, akan ce a bari Anselme ya zo. In ya zo ya faɗa, an rufe maganar.

Na biyu, kore. 'Yan wasa a duk faɗin ƙasar ba sa son koren kaya a kan dandamali, wai tsautsayi yake jawowa, amma yawancinsu suna faɗa ne suna murmushi. Anselme ba ya murmushi. Ya ajiye akwatin zuba koren kaya a gindin matakalar dandamali, duk mai hawa sai ya tsaya an dube shi daga hula har safa. A 1988 magajin gari ya zo jawabi da koren ƙyalle a wuya, ya yi jawabin ba ƙyalle. A 1994 'yan firamare suka yi wasan kwaɗi, kwaɗin suka fito shuɗaye, iyaye suka tafa ba su ce komai ba. Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Gaspard Vidalenc, mai raba wasiƙu, shugaban ƙungiyar masu wasa don sha'awa. A 1981 an ba shi matsayin maharbi, uwarsa ta yi mako uku tana ɗinka masa koriyar kwat mai maɓallan ƙaho. Anselme ya tare shi a matakala. Gaspard ya yi wasan cikin rigar aikin Anselme mai ruwan ƙasa, da tabon fenti a ƙirji. Teburi ɗaya suke shan kofi kowace safiya, kuma Gaspard bai yafe ba.

A watan Maris na 2006 'yan fim suka zo daga Paris da manyan motoci tara. Fim ɗin na ban dariya ne, a kan rayuwar Barnabé Ferrandou, wani marubucin wasanni na zamanin hular gashi da takobi, wanda ya yi suna wajen zolayar manya da ficewa ta tagar matan mutane. Ferrandou bai taɓa taka Montserin ba. Tsohon katako 'yan fim suka biyo, da kuma gajimaren.

Kwana na biyu Anselme ya buɗe musu ƙofa ƙarfe bakwai, ya sauka ɗakinsa na ƙasa ya dafa kofi, ya hawo sama ƙarfe takwas saura kwata. Ya tarar an rataye ƙyalle daga sama har ƙasa, ya rufe bangon bayan dandamali gaba ɗaya. Faɗinsa mita goma sha biyu, tsayinsa bakwai. Kore shar.

Ya dubi ƙyallen. Ya dubi akwatinsa.

Mataimakiyar darakta, Maud Kerbrat, wata doguwar mace mai waya biyu a ƙugu, ta zo wucewa.

"Madam, wannan fa?"

"Bango ne, Misiye Courtial."

"Na ga bango. Launin nake tambaya."

"Au, har yanzu ana wannan a nan? Kakata ma haka take. Zo ka ga wani abu."

Ta ja shi gaban wata ƙaramar talabijin. A ciki ga dandamalinsa, ga katakon da ya share jiya, amma inda ƙyallen yake sai rufin gidajen Paris da hayaƙi da sararin sama.

"Ka gani? Koren ba ya zama. Kwamfuta ke cinye shi, mu sa abin da muke so."

"Amma yana nan."

"A fim ba ya nan."

"Ni ba a fim nake ba, Madam. A nan nake."

Majalisa ta riga ta sa hannu, takardar kuma tana aljihun Maud. Anselme ya karanta ta sau biyu, bai ga inda aka ambaci launi ba. Kwana biyar ya yi yana bin gefen dandamali idonsa a ƙasa.

Kwana na bakwai aka zo kan gajimare. A labarin, Ferrandou ya ɓuya a cikinsa don ya tsere wa wani miji, sai aka sauko da shi a tsakiyar wasa a gaban sarki. Jarumin fim ɗin mutum ne mai jiki, in an haɗa da hular gashi da takobi ya haura kilo casa'in. Gajimaren kuwa yana da hali. In ya kai rabin hanya yakan karkata hagu, saboda gangar ta ci a gefe ɗaya. Dole wani ya tsaya a ƙasa ya tokare shi da doguwar sanda, ya bi shi taku bakwai har ya sauka. 'Yan fim sun zo da nasu mutumin, wani ƙato cikin koriyar riga mai manne wa jiki daga kai har ƙafa, ba ido ba baki. Ya ɗaga sanda ya tokare gajimaren ta tsakiya. Katakon ya yi wata ƙara da Anselme bai taɓa ji ba a shekara talatin da uku.

"Tsaya!" in ji Anselme.

A wurin ɗaukar fim mutum ɗaya ke da ikon faɗin haka, kuma ba mai gadi ba ne. Duk aka juyo.

"Ba nan ake tokare shi ba. Tsakiyar nan allo ne da fenti. Ƙashinsa yana can baya, tafin hannu biyu daga gefen hagu. Kuma ba turawa ake yi ba, lallashi ake yi."

"To nuna masa," in ji Maud.

Ya nuna sau uku. Ƙaton ya gwada sau uku. Ƙarar ta ƙaru.

Maud ta duba agogo. "Misiye Courtial, awa biyu gare mu. Ko shi ya riƙe yadda ya iya, ko kai ka riƙe." Ta miƙo masa wata rigar a ninke. "Amma mai riƙewa sai ya sa wannan."

Anselme ya shiga ɗakin canja kaya ya rufe ƙofa. Minti goma sha ɗaya ya yi a ciki. Dokarsa shekararta talatin da uku. Gangar shekararta ɗari biyu da ashirin, kuma babu sauran wanda ya iya sassaƙa irinta. Ya fito. Rigar an ɗinka ta ne don mai ƙaramin ciki.

Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada ɗan Montserin ko ɗaya ya shigo. Aka rufe ƙofofi. Sau goma sha huɗu aka sauko da gajimaren, sau goma sha huɗu ya sauka lafiya, katakon bai ce uffan ba. Da aka gama darakta ya sumbace shi a kumatu biyu ta kan rigar.

A nan ne Anselme ya yi tunanin da ya ja masa. Ya ga da idonsa koren bango ya zama sararin sama. To koren da ke jikin mutum me zai zama in ba tufafi ba? Ya ga kayan da aka sa wa sauran 'yan fim, kwat mai maɓallan tagulla da dogayen safa. Ya ɗauka irinsu kwamfutar za ta sa masa, ta kuma mayar masa da fuskarsa. Bai tambaya ba, don ba ya son ya sake ambaton launin da bakinsa.

Washegari a shagon Josiane ya jira aka kawo masa kofi, sannan ya ce, "Ina cikin fim ɗin."

Gaspard ya ajiye nasa kofin. "Kai? A matsayin me, ƙofa?"

"A wurin saukar gajimare. Ni ne a ƙarƙashi. Kusan minti huɗu."

"Ka yi magana?"

"A'a."

"To an tausaya wa masu kallo."

"Wane irin kaya suka sa maka?" in ji Josiane.

Anselme ya juya cokali a kofi. "Za ku gani," ya ce. A saninsa ba ƙarya ba ce.

Tun da shi ne ya faɗa, kafin abincin rana gari ya ɗauka, kuma ba wanda ya yi musu.

Fim ɗin ya fito a watan Fabrairu na 2007. Montserin ba ta da silima, sai ƙungiyar tsofaffi ta yi shatar bas zuwa babban birnin lardi, kallon ƙarfe biyu na rana. Mutum arba'in da uku suka je, har da limamin coci da magajin gari. Odette ta yi gyaran gashi. Aka ba Anselme kujerar tsakiya.

A minti na saba'in da ɗaya gajimare ya ɓullo.

"Ga shi nan, a yi shiru!" in ji Gaspard, alhali ba mai magana sai shi.

Gajimaren ya sauko a hankali, jarumin yana ciki yana dafe da hular gashinsa. Ya kai rabin hanya bai karkata ba, ya yi tafiyarsa zuwa dama, ya sauka. A ƙarƙashinsa babu kowa. Katakon dandamali ne fes, har ana ganin kan ƙusar da Anselme ya buga a 1990. Sauran 'yan kallo suna ta dariya. Layi huɗu na mutanen Montserin ba su yi ba.

Sun zauna har sunaye suka gama wucewa. An gode wa majalisar garin Montserin. An gode wa masu kawo abinci.

"Ni fa na gan shi," in ji Gaspard daga kujerar baya, da bas ta hau hanya. "Iskar nan da ta kaɗa labule, ba kai ba ne, Anselme? Kai, ka iya wasa. Ko alamarka ban gani ba."

"Ina wurin."

"Ai mun ga wurin."

"Wataƙila yanke shi suka yi," in ji Josiane. "Ana yi."

"Me aka yanke? Minti huɗu cif, na duba agogo. Gajimare ya zo, mutum ne bai zo ba."

Odette ta taɓa hannun mijinta. "Ka faɗa musu abin da ya faru mana."

Anselme ya dubi taga. Tun a silima ya gane abin da kwamfutar ta yi: ta cinye koren, ta haɗa da abin da ke cikinsa. Bayanin ba shi da tsawo, amma farkonsa shi ne, na sa kore a kan dandamalina. A cikin bas ɗin akwai magajin garin da ya yi jawabi ba ƙyalle, akwai iyayen kwaɗi uku, akwai Gaspard. Ya ci gaba da kallon taga har gida.

Aka sa masa suna Tauraro. Wannan bai dame shi sosai ba. Abin da ya dame shi ya fara ne a watan Afrilu, da gardama ta tashi a kan shekarar da aka rufe tashar jirgin ƙasa. Anselme ya ce 1971. Mai burodi ya ce, cikin ladabi, bari a duba a tsohuwar jarida. Aka duba, 1971 ɗin ce. Amma an duba. A watan Yuni ya kai wa majalisa rahoto cewa rufi yana yoyo ta kusurwar arewa, suka turo mutum ya hau ya gani da idonsa. A da ba sa turo kowa. Ya koma shan kofinsa a tsaye ya fice. Ya zubar da kilo huɗu, Odette ce ta auna.

Ranar Alhamis, sha takwas ga Oktoba, Gaspard ya ƙwanƙwasa ƙofa da ƙunshi a hannu. "Tauraro, masoya sun aiko." Daga Maëlle ne, 'yar Anselme da Odette, da ke aiki a Lyon. A ciki akwai na'urar kallon faifai, da fim ɗin Ferrandou, faifai biyu a kwali ɗaya. Na farko fim ne. Na biyu gyara ce, irin tarkacen da ake ƙara wa masu kallo a gida.

Odette ta haɗa wayoyi, ita ke riƙe da rimot. Ta so ta riƙa tsallakewa, Anselme ya ce a bi su ɗaya bayan ɗaya yadda aka jera. Suka fara bayan abincin rana. Suka kalli wurare tara da aka yanke daga fim ɗin, ba shi a ciki. Suka kalli hira da mai yin hular gashi, minti goma sha takwas. Suka kalli kurakuran 'yan wasa, inda jarumin ya faɗo daga doki ta fuska uku. Washegari suka sake kallon fim ɗin gaba ɗaya da muryar darakta a kai yana bayani, da aka zo kan gajimare kuwa labarin ciwon bayansa yake bayarwa. Saura abu ɗaya, na ƙarshe a jerin, minti shida, a kan yadda aka sauko da gajimaren.

Ga dandamali, ga koren bango. Ga wani koren mutum, gajere, ba fuska, da ciki a gaba kamar ya ɓoye tukunya, yana riƙe da sanda sama. An ɗora kiɗa a kai, ba a jin maganar kowa. Ya yi taku bakwai, a na biyar ya ɗaga ƙafa ya tsallake wani abu da ba a gani. Aka maimaita a hankali. Sai aka raba hoton biyu, a hagu da shi, a dama babu shi. Ba a rubuta sunansa ba, bai kuma buɗe fuska ba.

Odette ta tsayar da hoton. Ta dubi talabijin, ta dubi mijinta, ta sake duban talabijin.

"Anselme."

"Na'am."

"Shekara talatin da biyar ina wanke maka kaya. Cikin nan na san shi."

"Gangar za ta tsage ne."

"Ban tambaye ka ba."

Ta tashi ta shiga kicin. Ya ji ta buɗe famfo, ya kuma ji famfon bai rufe dariyar ba. Da ta dawo tana share ido, ta zauna kusa da shi.

"A kan wannan ka bari wata takwas ana yi maka kallon maƙaryaci?"

"Ba wanda ya ce maƙaryaci."

"Ba su ce ba, jarida suke dubawa. To yanzu sai ka zaɓa, tsoho. Ba wanda zai kai ƙarshen faifan nan in ba kai ba, kowa a wurin mai hular gashi zai yi barci. In ka yi shiru, ba ka sa kore ba amma ka yi ƙarya. In ka nuna, ba ka yi ƙarya ba, amma Gaspard ya samu aikin yi har ya mutu."

"Ke me kika gani?"

"Ni na ga ruwan ƙasa ya fi yi maka kyau."

Ranar Lahadi, ashirin da ɗaya ga wata, ƙarfe uku na rana, ya shiga shagon Josiane da na'urar a hammata. Mutum ashirin da biyu ne a ciki, ana kallon tseren dawaki. Ya roƙi minti shida. Josiane ta dube shi, ta kashe dawakin.

Aka kalla. Aka kai inda aka raba hoton biyu.

"Ni ne wannan," in ji Anselme.



"Anselme," in ji mai burodi a hankali, "kore ne fa."

"Na sani. Ina ciki."

Gaspard ya taso, ya sa tabarau, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa talabijin. Ya daɗe. Da ya juyo babu dariya a fuskarsa.

"Wannan ai kowa ne. Ba fuska, ba suna. Kai da ka tuɓe ni a matakala a gaban uwata, kai za ka sa wannan? Haba. Ka samo wani koren mai tumbi a faifai ka ce kai ne, don a daina ce maka Tauraro. Ƙarya ta biyu ke nan, abokina, kuma ta fi ta farko muni. Ka bar ta haka. Mu za mu manta, kai ma ka manta."

Mutane da dama suka gyaɗa kai, wasu har da tausayi. Anselme ya shirya wa dariya, bai shirya wa wannan ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tabbatar wa gari cewa ba zai taɓa sa kore ba, kuma gari ya yarda.

Ya ciro zoben makullai. "Ku taso."

Daga shagon zuwa gidan wasa taku tamanin ne. Ya buɗe, ya kunna fitilun dandamali, ya tura mai burodi da ƙanensa sama su juya gangar, ya gaya musu yadda za su riƙe. Sannan ya juyo ga Gaspard.

"Shiga gajimaren."

"Ni? Don me?"

"Nauyinka ya yi daidai da na jarumin."

"Kilo tamanin da biyar ne ni."

"Casa'in da biyu."

Gaspard ya ɗaga kai ya dubi gajimaren. Tun yana saurayi yake son a sauko da shi a cikin abin nan, ba a taɓa ba shi ba. Ya gyara kwala, ya hau tsani, ya shiga, har ya ɗaga wa jama'a hannu.

Gajimare ya fara saukowa. Da ya kai rabin hanya ya karkata hagu, Gaspard ya zame ya rungumi allo yana kiran uwarsa. Anselme ya ƙirga daƙiƙa biyu, don gangar ba za ta jure fiye da haka ba.

"Kun ga halinsa. A fim ya karkata?"

"A'a," in ji Josiane.

Ya ɗaga sanda ya sa ta can baya, tafin hannu biyu daga gefen hagu. Gajimaren ya miƙe kamar an yi masa magana. Anselme ya bi shi, ɗaya, biyu, uku, huɗu. A na biyar ya ɗaga ƙafa ya tsallake bakin ƙofar ramin dandamali, wadda ta ɗan ɗara sauran katakon tudu.

"Ga tsallaken nan!" in ji Josiane. "A na biyar! Haka koren ya yi!"

A taku na shida ya tsaya, ya ce wa na sama su dakata. Gajimaren yana rataye, saura mita biyu ya taɓa ƙasa.

"Sauke ni," in ji Gaspard.

"Wane ne a faifan?"

"Kai ne! Kai ne, da cikinka da komai! Sauke ni!"

"Ɗaga murya. Kujerun baya ba su ji ba."

Gaspard ɗan wasa ne. Ya cika ƙirji, ya faɗa da muryar da ta kai har bakin ƙofa, cewa Anselme Courtial yana cikin fim ɗin, minti huɗu, kuma bai yi ƙarya ba. Aka tafa. Anselme ya yi taku na bakwai, gajimaren ya sauka ba ƙara.

A lokacin ne dariyar ta zo, kuma ta daɗe. Mai burodi yana yi daga sama, limamin coci, da ya biyo hayaniya ya shigo, yana yi daga ƙasa. Anselme ya tsaya riƙe da sanda yana jira a gama. Gaspard ya fito, ya share fuska da hankici, bakinsa kuwa ya dawo.

"To madalla. Ka sa kore, a kan dandamalin nan, da rana tsaka. Ga ka nan da ranka da lafiyarka. Me ya same ka? Doka ta faɗi ke nan."

Kowa ya juyo yana kallon Anselme. Ya jingine sandar a bango.

"Sau ɗaya na sa, na awa biyu. Na ɓace daga fim ɗungurungum. Na yi wata takwas ba wanda ya yarda da maganata. Na zubar da kilo huɗu. Kai me kake so ya same ni?"

 Matar mai burodi, wadda ta riga ta ɗora ƙafa ɗaya a matakalar dandamali da koriyar jaka a hannu, ta janye ƙafar a hankali.

Anselme ya ajiye aiki a ƙarshen watan Yuni na 2011. Daga waccan Lahadin Gaspard ya koma kiransa Kokwamba, gari kuma ya ɗauka. Yana amsawa. Ya ce sunan ba shi da daɗi, amma akwai shaidarsa a faifai na biyu, abu na ƙarshe a jerin.